Yadda Ake Gyara Lafiyar Gida a Ƙauye, Daga Bakin Randa Zuwa Ɗakin Kwana

Duk wanda ya yi wayo a ƙauyukan Kano da Jigawa kafin shekarun 1990 ya san kurkunu, ko dai a ƙafarsa ko a ƙafar wani nasa. Ciwo ne da yake kwantar da ƙaƙƙarfan manomi daidai lokacin da gona take nemansa, a yi ta naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. A ƙidayar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 an samu mutum sama da 650,000 ɗauke da shi a Nijeriya, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da shi. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar sha. Manyan abubuwan da suka kore shi su ne tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki, da haƙa rijiyoyin burtsatse. Na fara da wannan ne domin wanda yake ganin murfin randa ko wanke hannu sun yi ƙanƙanta a ce su ne za su tsare masa lafiyar iyali.

Kafin a taɓa komai, maigida da uwargida su zauna su biyu, ko su uku ko huɗu idan gidan mai mata ne, su tuna abin da rashin lafiya ya ci musu a daminar da ta wuce: kuɗin kemis, kuɗin mota zuwa babban asibiti, akuyar da aka kai kasuwa ba don ana so ba, da kwanakin noman da aka rasa. Wannan zaman shi ne tushen aikin, saboda cefane a hannun maigida yake, randa da tukunya kuwa a hannun matan gida suke, kuma duk gyaran da ɗaya ya ɗauka ɗayan bai yarda da shi ba, ba ya kwana uku. Daga nan sai a yi yarjejeniya cewa abu ɗaya za a riƙa ɗauka, a riƙe shi Juma'a biyu har ya zama jiki, sannan a ɗora wani. An ce taura biyu ba ta taunuwa. Hanya mafi sauƙi ta riƙe sabon hali ita ce a ɗaure shi a jikin abin da aka riga aka saba, kuma mu Allah ya hore mana salloli biyar da suka riga suka yanka mana yini gida-gida, don haka ba a buƙatar agogo.

Mataki na farko shi ne randa. Ruwan burtsatse yakan fito da tsabtarsa, amma a hanya da kuma cikin gida yake lalacewa: jarkar da ta yi gansakuka a ciki, bokitin da aka jefa wa ganye don kada ruwa ya fantsale, sannan moda ɗaya da kowa yake tsomawa da hannunsa har wuyan hannu, ya sha, ya ajiye ta a ƙasa, yaro ya ɗauka ya mayar. Gyaran shi ne a ware randar sha daban da ta aikin gida, a ɗora ta a kan duwatsu ko turke don ta tashi daga ƙasa, a yi mata murfin da ya rufe bakinta ruf, faifai ko faranti. A samo ludayi ko moda mai dogon mariƙi wanda aikinsa ɗiba kawai, a rataye shi a ƙusa sama da randar, a ajiye kofin sha daban. Ba a kai ludayin baki. Kowace Juma'a da safe a juye sauran ruwan, a cuɗe cikin randar da soso, a ɗauraye, a kife ta ta sha iska kafin a zuba sabo.

Idan ruwan na rijiya ne ko na kogi, musamman da damina ko bayan ambaliya irin wadda ta mamaye sassan Jigawa a 2022, akwai ƙarin aiki. A bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta wanda aka ninka, sannan a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cikakke, ko a zuba masa maganin tsabtace ruwa mai sinadarin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin robar, a jira minti 30 kafin a sha. Garin 'ya'yan zogale yana kwantar da laka ya bar ruwa garau, sai dai ruwa ya yi haske ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu, don haka ba ya maye gurbin tafasawa. Na san itace yana da tsada, kuma ba kowane gida ne zai iya tafasa ruwan mutum 15 kullum ba. Idan abin ya gagara, a tafasa na ƙananan yara da mai ciki da tsofaffi, a ɗora tukunyar a kan wutar da ta rage bayan an sauke tuwo.

Mataki na biyu yana taɓa wata al'ada da muke ganin ladabi ce, wato kwanon wanke hannu guda da yake zagaya mutum goma kafin a ci tuwo, babba ya fara, ƙaramin yaro ya ƙare da ruwan da ya zama dauɗar kowa. A bar kwanon a matsayin matari, a riƙa zuba ruwan daga buta, kowa ya wanke da sabulu, idan babu sabulu a yi da toka mai tsabta daga murhu. Girmamawar tana nan, domin har yanzu yaro ne zai durƙusa ya zuba wa babansa. A bakin banɗaki kuma a haɗa abin wanke hannu da jarka ƙarama mai lita 5: a huda ta kusa da baki da ƙusa mai zafi, a zura sanda a mariƙinta a ɗora a kan gwafa biyu, a ɗaura igiya daga wuyanta zuwa wani ɗan itace a ƙasa, ta yadda idan an taka itacen jarkar za ta karkata ruwa ya zubo ba tare da an taɓa ta ba. Yara suna ɗaukar abin wasa ne, kuma wannan ne yake sa ya ɗore. Masai ya samu murfi, a riƙa watsa masa toka saboda ƙuda da wari, kashin yara ma a zuba shi a ciki maimakon bayan katanga, kuma mai shirin haƙa sabo ya nisanta shi da rijiya kamar mita 30.

Duk da haka gudawa za ta zo wata rana, kuma abin da yake kashe yaro a cikinta ƙarewar ruwan jiki ne. A ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti guda biyu ko uku a cikin kwalla tun kafin a buƙace su. Idan babu, a haɗa na gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Kada a ƙara gishirin don neman ƙarfi, yawansa illa ne. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a karɓo masa ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Idan idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gidan, ko zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, to ba a jiran gari ya waye.

Mataki na uku tukunyar miya ce, kuma a nan ne aka fi samun gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum yake ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, alhali ɗunƙulen ɗanɗano da ake jefawa huɗu-huɗu da biyar-biyar yawancinsa gishiri ne, sannan a sake barbaɗa wani gishirin a kai, ga yaji a gefe shi ma da nasa. Ba a janyewa gaba ɗaya, domin ranar za a mayar da kwano a cike. Uwargida ta rage ɗunƙule ɗaya ta yi shiru da bakinta har mako biyu, ta cike gurbin da daddawa da albasa da citta da ɗan busasshen kifi, sannan ta sake rage wani. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Maigida kuma ya daina cewa miya ta yi lami tun kafin ya kai loma ta biyu. Gishirin da za a saya ya zama na leda mai sinadarin aidin, saboda shi ne yake tsare maƙoƙo, kanwa kuma a sassauta mata hannu, domin yawanta yana kashe wani ɓangare na amfanin ganye.

Abin da za a ƙara a tukunyar yana bayan ɗaki. A dasa reshen zogale biyu ko uku a inda ruwan alwala da na wanke-wanke yake gangarawa, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, ruwan da a da yake zama kwatami sai ya koma ganye. Rama da yakuwa da lalo da tafasa suna fitowa da damina har su yi yawa, sai a shanya su a inuwa, a adana don rani, domin rana tana ƙone musu amfani. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce kada yini ya wuce ba a ci wani ganye da wani abu mai gina jiki ba, wake ko gyaɗa ko awara ko ƙwai ko nono. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya haɗa biyun a kwano ɗaya. Kunun yaron da ya wuce wata shida a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya ya yi kauri, saboda tsararon koko yana cika ciki ne kawai. Kafin wata shida kuwa nonon uwa ya wadatar, ko ruwa ba ya buƙata, kuma dakashin farko da wasu suke matsewa su zubar shi ne rigakafin jariri na farko. Yana ba ni takaici in ga an tara ƙwan gida duka an kai kasuwa an sayo biskit da lemon kwalba, alhali mai ciki tana zaune jini bai ishe ta ba.

Teburin mai shayi ma yana cikin lissafi. Iyakar sukarin da aka shawarta wa babban mutum a yini kamar cokalin shayi 12 ne, a haɗa da na koko da na fura da na zoɓo, kuma kwalbar lemo guda tana iya cinye fiye da rabin wannan. Mai shan cokali huɗu a kofi ya koma uku, bayan Juma'a biyu ya koma biyu. Mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi, saboda shayi yana tare wa jiki sinadarin ƙarfen da yake cikin wake da ganye.

Daga tukunya sai rumbu. Gyaɗa da masara da aka shanya a tsurar ƙasa, ko aka ɗura a buhu da sauran danshi, suna yin fumfuna mai dafin da yake cin hanta a hankali, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A shanya a kan tabarma ko tamfol har ƙwayar ta riƙa ƙaras a haƙori, a tsince wadda ta yi baƙi ko ta yamutse a zubar, kada a ce a bar wa yara ko a yi ƙuli da ita, sannan a ɗora buhuna a kan itace nesa da bango. Wake kuwa, zuba masa fiya-fiya guba ce ake ajiyewa a abincin gida. Akwai buhu mai rufi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iskar, a ɗaure kowane rufi daban, ƙwaron sai ya mutu don rashin iska. Jarka mai murfin kirki da aka cika ta har baki ita ma tana yin wannan aikin.

Mataki na huɗu hayaƙi ne, kuma gajere ne. A yi girki a fili ko a madafi mai taga biyu da suke kallon juna, a yi amfani da busasshen itace, a gina wa murhu bangon laka don ya tare iska ya rage cin makamashi, kada a kunna wuta da leda, kuma a sauke goyo a miƙa wa wani kafin a durƙusa hura wuta. Da hunturu, kaskon gawayi ba ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana ɗauke mutum yana barci. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a kwanta.

Mataki na biyar ɗakin kwana ne. Sauron da yake kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, don haka a ɗaure sakin gidan sauro a jikin sallar isha'i: an idar, a sake shi, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane ɓangare. Sabo a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a shiga, shi ne maganin ƙaiƙayin fuskar da yake sa mutane su cire shi su kewaye lambu da shi ko su rufe kaji. Idan ya huje a ɗinke, idan ya yi datti a wanke a hankali a shanya a inuwa. Mai kwana a tsakar gida saboda zafi ya kafa sanduna huɗu ya ɗaura shi a can. Ƙwan sauro yana zama sauro cikin mako ɗaya zuwa biyu, shi ya sa duba na ranar Juma'a ya isa: a kife fasassun tukwane da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, a cike ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. Idan ma'aikatan lafiya suka zo gida-gida da damina da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, su sukan ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Jiki ya yi zafi, a fara da gwajin ɗigon jini, wanda ba ya wuce minti 20, idan ya nuna a sha maganin kwana ukun har ya ƙare ko da an ji sauƙi tun a rana ta biyu. Da bazara a buɗe tagogi a rage cunkoso a ɗaki, domin Kano ba ta manta da sanƙarau na 1996 ba, kuma zazzaɓi da sanƙarewar wuya na asibiti ne nan take.

A garuruwan noman rani irin su Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan Tiga yake bi ta magudanai, da kuma wajen Auyo, akwai tsargiya. Yaro yana fitsarin jini alama ce ta cutar da ya ɗauko a ruwan da dodon koɗi yake zaune, tana da magani a asibiti, kuma kuskure ne a ɗauke ta alamar balaga.

Mataki na shida na manya ne. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa sai an faɗi ake sanin yana nan, a ce iska ce ta bugi mutum. Duk wanda ya haura shekara 40 ya mayar da awon jini abin yi a ranar kasuwa, mai zuwa Wudil ran Juma'a, ko Maigatari ran Alhamis, ko Dambatta ran Lahadi, ya ratse ƙaramin asibiti a auna shi, a rubuta masa a takarda ya adana. Idan ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, sai a ga ma'aikacin lafiya, kuma maganinsa ba a dainawa don an ji garau. Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da manoma suke afawa kullum kafin a tafi gona, a cikin zafin rana ga ƙishirwa, yana cin ƙoda da ciki. A tafi da gorar ruwa, a riƙa sha kafin ƙishirwa ta kama, a duba launin fitsari, idan ya yi duhu ruwa bai isa ba. Da damina gona ta isa motsa jiki, matsalar tana rani, lokacin da ake wuni a kan benci. Tafiyar minti 30 bayan la'asar, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 da ake so, a bar babur a gida idan zuwan na cikin gari ne. Matan da injin niƙa ya ɗauke musu daka da surfe su ma suna buƙatar abin da zai motsa su, ko zagayen tsakar gida ne da aikin ɗan lambu. Goro da shayi mai kauri a tsayar da su daga la'asar, waya ta kwana nesa da matashin kai, domin babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma mai tashi asuba ba zai same shi ba idan ya kai sha biyun dare a majalisa. Ƙailula ta ɗan lokaci bayan azahar tana cike wani giɓin.

Mataki na ƙarshe ba a ganinsa a awon asibiti, amma shi ne yake sa gida ya yi daɗin zama. Maigida ya zaɓi dare biyu a mako ya ci tuwonsa a cikin gida maimakon ƙofar gida, ya ji karatun yara, ya ji abin da ya dami matansa tun bai zama rigima ba. Idan aka ce masa, “Malam, sabulu ya ƙare,” kada amsar ta zama tsaki. Sannu da aiki ba ta cin ko sisi, kuma matar da ta wuni a bakin murhu tana jin ta har rai. A ware yammacin Juma'a don gaida wani ɗan'uwa ko tsohon da ƙafarsa ta ɗauke, zumunci a ƙafa yake. Wanda aka ga ya janye daga mutane, ba ya ci ba ya barci har makonni, ko mai jegon da take ta kuka ba dalili, a zauna da su a saurare su, a haɗa addu'a da zuwa asibiti, kada a tsaya a cewa su yi haƙuri.

Yawancin abin da yake hana magidanci barci bashi ne, kuma yawancin bashin na biki ne da na jinya. Na biki a yanka shi daidai ƙarfi tun kafin a sa rana. Na jinya kuwa a tare shi da kaka: ranar da ake ɗure amfanin gona a ware buhu ɗaya, ko tiya goma ga mai ƙaramin ƙarfi, a sa masa alama, kowa a gidan ya san na lafiya ne, ba a taɓa shi don suna ko kayan sallah. Uwargida ta sa kwasar adashinta guda ta faɗo a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓi kuma ya yi yawa. Idan akwai mai ciki, a fara awo tun watannin farko, a yi magana da mai mota ko mai babur tun cikin yana wata bakwai, a rubuta lambarsa da gawayi a bangon ɗaki inda ko yaro zai iya karantawa, kuma maigida ya faɗa a gaban kowa cewa idan naƙuda ta zo ba ya nan, ya ba da izini a tafi asibiti ba sai an jira shi ba.